Amfanin Ƙididdiga Wajen Kare Rayukan Majinyata

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa alƙaluman da ake cikawa kullum a rajistar ɗakunan shan magani na Makera da asibitocin Kakuri, a kudancin Kaduna, suna iya tsare rai muddin an san karatunsu.

A shekarar 1847, likita Semmelweis na birnin Biyanna ya kwatanta yawan mace-macen masu jego a sassa biyu na asibitinsu. Da ya tilasta wa likitoci wanke hannu, mutuwar ta sauko daga kimanin kashi 18 cikin ɗari zuwa kashi 2.

A 1924 kuma, Walter Shewhart na Amurka ya ƙago wa masana'antu jadawali mai matsakaici da iyakoki, wanda asibitoci suka ara daga baya. A ƙaddara mata 100 ke haihuwa duk wata, huɗu a matsakaici ke kamuwa da zazzaɓin jego. Iyakar sama za ta kasance wajen 10. Ashe ke nan in an sami 6, hawa da sauka ne na yau da kullum. In kuwa an sami 12, wajibi ne a binciki ruwa, da kayan aiki, da tsabtar hannu.

Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, babban asibitin da ake kai wa waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu ba a auna shi da ƙaramin ɗakin magani; da tarihin kansa ake auna shi. Na biyu, kada alƙaluma su zama bulalar dukan ma'aikata, domin wanda ke tsoron horo ba zai rubuta gaskiya ba.