Daga Rafin Guza Zuwa Bakin Teku: Hutun da Ba Mu Saba Kai Iyali Ba

Babu mai koya wa mutumin Rafin Guza sanin ruwa. Unguwar a gefen Kogin Kaduna take, kuma duk shekarar da damina ta yi ƙarfi, daga Agusta zuwa Satumba, masu gidajen gangare da ido ɗaya suke barci. Yaran unguwa sun san kwalekwale, sun san masunta, sun san masu ɗibar yashi da 'yan lambun da ke ban ruwa da rani. Amma a tara yara a ƙofar wata Islamiyya a tambaye su wanda ya taɓa ganin teku, da wuya a ga hannu ɗaya a sama. Alhali a cikin iyayensu akwai direban tirelar da ya daɗe yana kai shanu da albasa da tumatir Legas, akwai ɗan kasuwar da ya san Mile 12 da Alaba Rago kamar yunwar cikinsa. Maza sun san Legas a matsayin kasuwa. Mata da yara kuwa labarinta kawai suke ji, sai tsarabar burodi da kwakwa.

Hutu a wurinmu shi ne a kai yara gida wajen kakanni, Zariya ko Funtuwa ko Katsina, kuma wannan al'ada ce da ba za a so a rasa ba. Idan Sallah ta zo a leƙa Ƙofar Gamji, a ga tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, a sha iskar bakin kogi a dawo. To amma Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, daga iyakar Seme har Kuros Riba, kuma yaron Kaduna yana da haƙƙi a cikinta daidai da yaron Legas. Ina ganin sakaci ne magidancin da Allah ya hore wa hali ya yi shekara da shekaru yana safara zuwa kudu, bai taɓa ɗaukar iyalinsa sun je sun gani da idonsu ba.

Mu ba baƙi ba ne a can. A 1863 Baturen nan John Glover ya tara Hausawa a Legas ya kafa rundunar da sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta. A farkon ƙarni na 20, Alhassan Ɗantata yana cikin fataken da suka gane cewa goron ƙasar Asante zai fi saurin isowa idan aka loda shi a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Legas, maimakon ayarin jakuna na wata da watanni. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai hanyar ta ɗinke. Cinikin goro da jirgin ƙasa suka raya zangon Hausawa na Agege, ga Idi Araba, ga Obalande. Yau da wuya a sami zuri'a a Kaduna da ba ta da kawu ko gwaggo a ɗaya daga cikin waɗannan unguwanni. Wannan shi ne babban sauƙin da muke da shi: masauki, wanda shi ke cinye kuɗin mai yawon buɗe ido, zumunci ya riga ya biya shi. Abin da ya rage shi ne a ware kwana biyu ko uku daga cikin ziyarar a ce na yara ne.

Wanda ya san Legas a da zai fara tambayar Bar Beach, inda kowa ke zuwa ba tare da an tambaye shi ko sisi ba. Babu ita yanzu. Teku ta yi ta cin gaɓar, daga baya aka cike wurin da yashi aka fara gina sabon birnin Eko Atlantic a kansa. A 2024 kuma aikin babbar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba ya rushe wurin shaƙatawa na bakin ruwa na Landmark. Yawancin wuraren da suka rage a ɓangaren Lekki, irin su Elegushi, akwai ƙofa da mai karɓar kuɗi, kujera da rumfa ma haya ake yi. Wannan abu yana damuna. Teku ba wani ya haƙa ta ba, kuma ƙasar da talakanta ba zai iya kai ɗansa ya taka ruwan gishiri ba sai da tikiti ta tauye shi. Sai dai kafin a gyara, magidanci ya san da haka, ya tambayi kuɗin shiga na kowane kai tun daga gida, kada ya je ƙofa da mutum takwas ya ji kunya.

Ga iyali mai ƙananan yara, Tarkwa Bay ta fi dacewa da wanka, domin katangar duwatsun da aka yi wa mashigar tashar jiragen ruwa tana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso. Sai da jirgin ruwa mai inji ake zuwa, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba, kuma a hanya yara za su ga manyan jiragen dakon kaya dab da su. Kada kowa ya shiga jirgin da babu rigar kariya daga nutsewa, komai daɗin bakin matuƙi.

Wurin da ba na shakkar tura kowane iyali shi ne gandun Lekki Conservation Centre, wanda aka kafa a 1990 a kan hekta 78 na kurmi da fadama, a tsakiyar unguwannin da gine-gine suka cinye. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar, mutum yana tafe birai na bin sa ta kan rassa, kuma duk wanda ya riƙe ayaba ko biskit a fili ya yi sallama da shi. Akwai ɗawisu, akwai kunkuru, akwai tafkin kifi, akwai fili mai ciyawa inda uwargida za ta shimfiɗa tabarma a buɗe kular abinci. Abin da ya fi jan mutane shi ne gadar igiya da aka rataya a saman itatuwa, mai tsawon mita 401, wadda ke lilo da mutum a kowane taku. Akwai ƙa'idar shekaru, ba a barin ƙanana su hau, don haka a shirya rarrashi. Yaron da ya tashi a ƙasar da ake ƙirga itatuwa, kuka can, ɗorawa can, zai ga dajin da rana ba ta taɓa ƙasa, ya fahimci abin da malamin labarin ƙasa ke nufi da kurmi.

Idan kuwa kwana ɗaya kacal aka samu, Badagiri zan ce a je. Garin yana yamma da Legas, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, kuma hanyar tana iya cin sa'o'i idan aka yi rashin sa'ar cunkoso, saboda haka a fita da asuba. A nan akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, akwai gidan tarihi a tsohon ofishin Di'o, akwai sarƙoƙi da mari da ake nuna wa baƙi a gidan zuri'ar Mobee. Sai gidan Seriki Williams Abass mai ɗakuna arba'in na tsare bayi. Mutumin shi kansa an kama shi bawa yana yaro, aka kai shi Brazil, ya dawo ya shiga cinikin bayi, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Ba labari ne mai daɗin ji ba, kuma bai kamata a ɓoye wa yaran da suka yi wayo ba. Uba ya shigar da su ɗaya daga cikin ɗakunan, a tura ƙyaure na minti ɗaya, su ji duhu da zafi da ƙarancin iskar da ke shigowa ta 'yar taga ɗaya.

Daga nan a hau kwalekwale a ƙetare zuwa tsibirin Gberefu, a taka hanyar yashin da bayi suka taka, a wuce rijiyar da aka ce ana shayar da su, har a fito bakin Atilantika inda jirage ke jira. Mutane da yawa daga Arewa suna ɗauka wannan tarihin Yarbawa da Turawa ne. Ba haka ba ne. Bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo jihadin 1804, an gangaro da Hausawa masu yawa aka sayar ta tashoshin Legas da Badagiri da Porto Novo da Wida, akasarinsu aka kai su Bahiya a Brazil. A can Hausawa suka kitsa bore a 1807, suka sake tayarwa a 1814, kuma suna cikin Musulmin da suka yi babban boren birnin Salvador a watan azumin 1835, inda 'yan sanda suka tsinci layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wasu daga cikin waɗanda suka bi irin wannan hanyar yashi, almajirai ne da suka yi karatun allo irin na 'ya'yanmu. Ta Badagiri kuma Baturen nan Clapperton ya shigo a ƙarshen 1825 ya nufi Kano da Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ajali ya sami Baturen a 1827. Yaron da aka tsayar a Gberefu aka gaya masa wannan, ya ci ribar kuɗin mota.

Maganar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta haɗari. Saurayin da ya iya iyo a Kogin Kaduna shi ne abin tsoro a bakin teku, domin yana zuwa da tabbacin da ba shi da amfani a can. Kogi gefe ɗaya yake gudu, ana ganinsa. Teku kuwa tana turo ruwa gaɓa, sannan ruwan ya nemi hanyar komawa, ya taru a wani siririn lungu ya ja da ƙarfi zuwa ciki. Wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, babu kumfa, babu tashin igiya, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Ko a iya idon sawu mutum ya tsaya zai ji alamar abin: igiya ta zo ta wuce, da ta juya sai yashin ƙarƙashin dugadugansa ya zare, ya ji yana nutsewa a tsaye. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi ya nufo gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya yi iyo a gicciye, ta gefen da gaɓa ta miƙe, har ya fita daga lungun. Ƙananan yara kada su wuce gwiwa, kuma hannunsu na cikin na babba. Doguwar riga da hijabi idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, saboda haka mata su tsaya inda kumfa ke ƙarewa. A tambayi masuntan wurin kafin a shiga, kuma ruwan da ke nesa da tabarma da hantsi yana iya cimma ta da la'asar, domin teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini da kwana.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ruwan sama ya fi tsanani a Legas a Yuni da Yuli. Dogon hutun makaranta yana faɗawa kan ɗan tsagaitawar Agusta, amma a watannin damina teku ta fi fushi. Hutun Disamba zuwa Janairu ya fi, sararin sama a buɗe, ruwa ya lafa, ga kuma hutawa daga ƙurar hunturun Kaduna, sai dai kuɗin mota kan tashi. A tafi da gidan sauro. Masu gudun kiɗa da shaye-shaye da shigar da ba su saba gani ba, kuma suna da gaskiyarsu, su je da safe a ranakun aiki. Kafin azahar bakin tekun na masunta ne da masu dawakin haya da kaguwa masu gudu a kan yashi. A wannan lokaci ne ake ganin mutum ashirin ko fiye sun jeru suna jan igiyar koma guda, idan ta fito yara su ga kifayen da babu irinsu a kasuwar Kawo. Hukuncin da suka karanta a Islamiyya cewa ruwan teku yana tsarkakewa, ranar nan za su yi alwala da shi su ji gishiri a leɓe.

Mai ƙarin hali yana iya wucewa gaba. Kalaba tana da unguwar Hausawa ta Bogobiri da gidan tarihin bayi a Marina Resort, ko da yake garin a bakin kogi yake, kuma bikin titi da aka fara a 2004 ba kowane gida zai yi wa daɗi ba. Gana ba ta neman biza daga ɗan Najeriya, ga Nima da Sabon Zango a Akara inda Hausa ke ciyar da baƙo, ga ganuwar Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482.

Saura kuɗi da hanya, kuma babu amfanin a ɓoye cewa su ne cikas. Tafiyar ta haura kilomita 700. Jirgin ƙasa na zamani yana tashi daga Rigasa zuwa Abuja tun 2016, wani kuma daga Ibadan zuwa Legas tun 2021, amma tsakaninsu sai mota. Hanyar Birnin Gwari ta fi kusa, sai dai mai iyali ya bincika halin tsaro a makon da zai tashi, kuma ya guji tafiyar dare. Gidan da ba zai iya ɗaukar kowa ba, a fara da manyan yara bana, ƙanana su jira nasu lokacin. Matan unguwa da ke adashin kayan ɗaki da na Sallah za su iya buɗe na tafiya, makarantun Rafin Guza da Kawo da Unguwar Dosa kuma za su iya haɗa 'yan ajin ƙarshe a mota ɗaya da malamai biyu, su rubuta wa Sarkin Hausawan Agege tun da wuri a nema musu masauki.