Hoto da Sauti a Rubutun Sinanci: Gwargwadon Abin da Tarihi Ke Yi wa Mai Koyo

Shekaru kaɗan da suka wuce wani abokina mai zuwa Guangzhou saro kaya ya kawo mini tsarabar wani ɗan littafi na koyon rubutun Sinanci. Kowane shafi da hoto a hagu, alamar rubutu a dama, a tsakani kuwa an jera yadda hoton ya yi ta sauyawa har ya zama alamar. Cikin mako biyu na haddace alamu wajen sittin, har na soma ganin mutane sun cika zuzuta wuyar abin. Ran da na sami jaridar Sinanci na buɗe, sai na ga da ƙyar na ke shaida alama biyu a layi guda, sauran kuwa kome ƙura idon da na yi musu ba su yi kama da kome ba. Dalilin wannan tuntuɓe na ke so in bayyana, domin malaman da ke horar da malamai su san iyakar wannan hanya kafin su ɗora wani a kanta.

Zan riƙa cewa "alama", ba "harafi" ba, saboda harafi sauti kaɗai ya ke wakilta. Alamar Sinanci kuwa gaɓa guda ce mai ma'ana, watau sau da yawa kalma ce sukutum.

Rubutun Sinanci mafi tsufa da a ke da shi da yawa ya fito ne daga ƙarshen daular Shang, wajen shekara ta 1250 zuwa 1050 kafin haihuwar Annabi Isa. Masu duba na fadar sarki sukan ɗauki ƙoƙon kunkuru ko allon kafaɗar sa su ɗana masa wuta har ya tsage, su duba amsa a tsagar, sa'an nan su sassaƙa tambayar a jikin ƙashin: ko za a yi ruwa, ko farauta za ta yi kyau, ko matar sarki za ta sauka lafiya. Manoman Anyang, a lardin Henan, sun daɗe suna haƙo waɗannan ƙasusuwa suna sayar wa masu magani, sai a 1899 wani malami a Beijing, Wang Yirong, ya gane rubutu ne a jikinsu. An soma haƙa ta ilmi a wurin a 1928. Alamu daban daban da aka samu sun haura 4,000, amma waɗanda aka tabbatar da karatunsu ba su wuce kamar kashi ɗaya cikin uku ba.

A kan ƙasusuwan nan hoto a fili ya ke. Rana da'ira ce da ɗigo a tsakiya, wata jinjiri ne, dutse tsauni ne mai kai uku, itace kuwa ga rassa a sama ga saiwoyi a ƙasa. Yau ana rubuta su 日, 月, 山, 木. Abin da ya raba su da kamanninsu na farko hannun marubuta ne da kayan aikinsu. A zamanin daular Zhou an fi samun rubutun a jikin tukwanen tagulla. Da sarkin Qin ya haɗa ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, wazirinsa Li Si ya daidaita alamun, aka sami abin da a ke kira ƙaramin rubutun hatimi, mai lanƙwashe-lanƙwashe. Amma magatakardan gwamnati masu rubutu da alƙalamin gashi a kan tsagin gora ba su da lokacin ƙawa. Suka miƙe layukan, da'ira ta zama murabba'i, kuma a zamanin daular Han salonsu ya rinjaya. A nan ne hoto ya mutu. Ido, da ya ke kwance kamar na mutum, an tsai da shi ya zama 目, ka ce taga ce. Doki ya zama 馬, ɗigo huɗu a gurbin ƙafafu, sa'an nan gyaran da gwamnatin Sin ta soma a 1956 ya rage shi zuwa 马, daga jan alƙalami goma zuwa uku. A Taiwan da Hong Kong har yanzu tsohuwar siffar a ke rubutawa.

Har zuwa nan littafin abokina bai yi ƙarya ba. Abin da ya ɓoye shi ne yawan alamun da ke da irin wannan asali. Wajen shekara ta 100 Miladiyya wani malami, Xu Shen, ya gama ƙamusun da a ke kira Shuowen Jiezi, inda ya yi bayanin alamu 9,353. Waɗanda suka zama hoto zalla a cikinsu ba su kai 400 ba. Akwai wasu kaɗan masu nuni, kamar 本, itace da aka ja wa layi a gindi, ma'anarsa saiwa ko asali. Akwai masu haɗa ma'ana biyu, kamar 休, mutum a gefen itace, watau hutawa. Fiye da kashi 80 cikin 100 kuwa iri guda ne: ɓangare ɗaya yana nuna ma'ana, ɗayan yana nuna sauti.

Bahaushe ba zai sha wuyar gane yadda aka zo ga wannan ba. A ce muna rubutu da hoto, muna so mu rubuta "kuka". Itacen kuka ba shi da wuyar zanawa. Amma ina hoton kukan da yaro ke yi? Mai dabara sai ya ce, ai kalmomin biyu karin sauti kaɗai ya raba su, bari in ari hoton itacen in rubuta kukan yaro da shi. Daga baya, da masu karatu suka soma ruɗewa, sai wani ya ƙara ɗan hoton baki a gefe in kukan yaro a ke nufi. To, wanda ya zo bayan shekara dubu ya ga baki da itacen kuka, ya ce ai saboda yara sukan je gindin kuka su yi kuka, ya ƙirƙiro labari ne kawai. Itacen ba abin da ya kawo sai sautinsa.

Haka Sinawa suka yi, tun a zamanin ƙasusuwan ma. Alamar 來, "zo", asalinta hoton alkama ce, an are ta ne saboda kamar sauti. Alamar uwa, 媽, mace ce a hagu, doki a dama. Ba abin da ya haɗa uwa da doki sai dai dukansu "ma" a ke cewa, uwa da karin sama miƙaƙƙe, doki da kari mai sauka ya tashi. A sa baki a gurbin macen, 嗎, sai ta zama ƙwayar tambaya da a ke liƙawa a ƙarshen jimla, ita ma "ma". Dubi kuma 青, da a ke rubutawa "qing" da boko, a faɗe ta kusan "cing". Da alamar ruwa a gefe, 清, tsabtar ruwa ce. Da rana, 晴, washewar gari. Da zuciya, 情, abin da rai ke ji. Da magana, 請, roƙo ko gayyata. Duk huɗun "qing" ne, sai dai karinsu ba duka ɗaya ba ne. Wanda ya gane wannan ya sami alamu biyar da wahalar ɗaya, wanda kuwa ke neman hoto a cikinsu zai ƙaga tatsuniya biyar, kuma ba wadda za ta gaya masa yadda a ke furta kalmar.

Amma fa ɓangaren sauti ma ba kullum ya ke cika alkawari ba, domin harshe ya yi ta sauyawa shekara dubu biyu da ɗoriya alhali rubutu na tsaye. Kogi, 江, ana ce masa "jiang", ɓangaren sautinsa kuwa, 工, "gong" ne a yau. A da sun yi kusa. Mai koyo ya ɗauke shi a matsayin ishara da zai gwada.

Shi kansa Xu Shen ya faɗa tarkon hoto, don kuwa bai taɓa ganin ƙasusuwan Anyang ba, siffofin da ya dogara a kansu sun riga sun sauya. Alamar sarki, 王, ya fassara ta da cewa layuka uku sama da ƙasa da mutum ne, sarki shi ne layin da ya haɗa su. Fassara ce mai daɗin ji, sai dai tsohuwar siffar, a ganin yawancin masana, bakin gatari ce. Alamar 為, "yi", ya ce hoton uwar biri ce, ƙasusuwan suka nuna hannu ne yana jan giwa. Gabas, 東, an daɗe ana cewa rana ce a bayan itace, ashe buhu ne ɗaure baki biyu da aka ara saboda sauti. Littafin abokina ma ranar da itacen ya zana.

Kada mu ɗauka al'amarin baƙo ne gare mu. Harafin A na boko da alif na ajami kakansu ɗaya, hoton kan sa. B da ba daga hoton gida suka fito, wanda Larabci ke kira baiti, ain kuwa har yau sunansa ido, kuma shi ne kakan O. Bambancin shi ne mutanen gabashin Bahar Rum sun ɗauki sautin farko na sunan hoton suka yar da ma'anar, shi ya sa haruffa ashirin da 'yan kai suka ishe su. Sinawa kuwa suka riƙe gaɓa da ma'ana tare. Ba malamin da ke koya wa yaro A ta hanyar zana masa sa, amma a Sinanci hoton yana da aikin yi har yanzu, domin alamun nan 'yan kaɗan su ne tubalan da aka gina sauran da su.

Saboda haka ga yadda na ke ganin ya kamata a jera aikin. A fara da hoto, amma a zaɓi waɗanda ke komawa cikin wasu alamu, irin su mutum, mace, baki, hannu, zuciya, ruwa, wuta da itace. A nuna wa ɗalibi yadda su ke tsukewa in sun koma gefe, kamar ruwa, 水, da ke zama ɗigo uku a 清 da 江. Ƙamusun Kangxi na 1716 ya kasa alamu ƙarƙashin irin waɗannan kawunan sashe 214, ba kuwa duka ne a ke yawan haɗuwa da su ba. Da zarar an sami kamar ɗari, sai a bar hoto a koma ga iyalan sauti irin na 青, kowace alama tare da furucinta da karinta. Jerin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 ya sa alamu 3,500 a matakin farko, na amfanin yau da kullum, kuma galibinsu ta wannan ƙofa ta biyu a ke shiga musu. In malami ya ga dole sai ya ba da ɗan labari don taimakon hadda, ya ba da, amma ya gaya wa ɗalibansa wanne ne aka gani a jikin ƙashi, wanne ne kuma shi ya ƙaga.