Likitan Da Ya Zauna Da Bokaye A Ƙauyen Aro

Duk gidan da taɓin hankali ya taɓa shiga sun san shawarar da ke hana mutane barci: wurin malami za a kai mara lafiya, ko wurin boka, ko kuwa asibiti? Galibi akan zaga duka ukun, ana ɓoye wa wannan cewa an je wurin wancan. A Abekuta kuwa, tun cikin shekarar 1954, an sami wani likita da ya ce ɓoyon ya isa haka, ya tara su wuri guda. Sunansa Thomas Adeoye Lambo.

Kafin zuwansa, abin da Turawan mulki suka tanadar wa masu wannan ciwo bai fi kurkuku da kome ba. Gidan mahaukata na Yaba, wanda aka buɗe a Ikko cikin 1907, wurin tsarewa ne kawai. Na Lantoro a Abekuta ma tsohon gidan yari ne aka mayar cikin 1944, aka zuba sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu da hankali a juye. Har cikin 1953 wani likitan mulkin mallaka a Kenya, mai suna Carothers, ya rubuta littafi yana kwatanta tunanin baƙar fata da na Baturen da aka yi wa aiki a ƙwaƙwalwa aka rage masa wani sashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ce kuwa ta buga masa.

An haifi Lambo a Abekuta cikin 1923. Ya yi karatun likita a Birmingham, sa'an nan ya ƙware kan ciwon hankali a asibitin Maudsley na London. Sa'ad da ya komo gida aka danƙa masa sabon asibitin Aro, sai ya tarar ba a gama gini ba, ga kuma majiyyata suna jira. Maimakon ya naɗe hannu, sai ya nufi dattawan ƙauyukan da ke kewaye, ya roƙe su su ba marasa lafiya hayar ɗakuna cikin gidajensu. Da fari mutane suka tsorata, kuma ba a ga laifinsu ba, gama wa zai so ya kwana bango ɗaya da wanda ake ce wa mahaukaci? Amma kuɗin haya ya shigo, asibiti ya kawo ruwa da tsabtace gari, aka ga kuma baƙin nan ba su cinye kowa ba.

Sharaɗin da ya kafa shi ne ba a karɓar majiyyaci shi kaɗai. Tilas ya zo da wani nasa, yawanci uwa ko 'yar'uwa, wadda za ta dafa masa irin abincin da ya saba, ta wanke masa tufafi, ta lura da barcinsa da maganarsa ta gaya wa likita. Da safe a tafi asibiti a karɓi magani, da yamma a koma ƙauye a zauna cikin mutane, wanda ya ji ƙarfi har ya riƙe fartanya. Watau dai ba a yanke mutum daga jama'a ba, balle ranar sallama ya koma gida baƙo.

Abin da ya fi ta da ƙura shi ne shigo da masu maganin gargajiya na Yarabawa, har da masu duban Ifa da ake kira babalawo. Lambo bai bar maganin Turawa ba ko kaɗan. Ana ba da ƙwayoyin kwantar da hankali da suka fito cikin shekarun 1950, ana kuma yin maganin lantarki. Abin da ya lura shi ne, ƙwaya tana iya kashe muryoyin da mutum ke ji a kunnensa, amma ba ta amsa masa tambayar da ke cin zuciyarsa: me ya sa ni, kuma wa ya yi mini? Ya ga wannan har ga ɗaliban Nijeriya da ciwon ya kama a Ingila, masu ilmin zamani, waɗanda da hankali ya gushe sai su koma zancen sammu da mayu. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tun da shi ma iskoki yake ambata tun kafin ya tuna da asibiti. Boka ya san harshen wannan tsoro, yana fassara mafarki, yana yanka abin sadaka, majiyyaci ya sami natsuwar da za ta sa ya sha maganin likita.

Labarin Aro ya bazu. Cikin 1961 aka yi taron farko na likitocin hankali na Afirka a Abekuta. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sawun masu ciwon hauka mai tsanani a ƙasashe tara, har da Badun, ta tarar waɗanda ke Badun da Agra ta Indiya sun fi na wasu biranen Turai samun sauƙi bayan shekaru. Masana ba su daina gardama kan dalilin haka ba har yau, ko da yake da yawa suna nuna zaman dangi. Lambo kansa ya shugabanci Jami'ar Badun, sa'an nan ya zama Mataimakin Babban Darektan hukumar nan da ta buga littafin Carothers, daga 1973 zuwa 1988.

Kada a ɗauka duk mai magani a ƙauye abin yabo ne. Masu gargajiyar Aro sun yi aiki ne a gaban idon likita, inda babu bulala babu mari. Inda ba a sa ido kuwa, an ga abin da 'yan sanda suka tono cikin 2019 a wasu gidajen mari na Kaduna da Katsina, mutane ɗaure da sarƙa ana ce gyaran hali ake yi musu.

Ƙauyukan Aro sun shige cikin birni tun da Abekuta ta zama hedkwatar Jihar Ogun a 1976, tsarin zaman haya kuma ya ja baya, asibitin ya ci gaba da aiki a hannun Gwamnatin Tarayya. Lambo ya rasu cikin watan Maris na 2004. Dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa 1916, ta ci gaba da aiki bayansa har farkon 2023, sa'ad da aka sanar Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar hankali.