Taken Ƙasa: Wa Ya Tsara, Wa Ke Ji?

Kalmar take ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. In makaɗa suka buga taken Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, ko mai tallan fura ta san wanda ke tafe, ba sai da tafinta ba. Daga nan aka aro sunan aka sa wa waƙar da ƙasa ke miƙewa tsaye dominta.

Akwai wata 'yar ƙasa cikin teku kudu da Nijeriya, Sawo Tome da Firinsife, tsibirai biyu ne, mutanenta duka ba su kai na Ƙanƙara da Faskari a haɗe ba. Da ta sami mulkin kai daga Fotugal ran 12 ga Yuli 1975, ba ta je neman take waje ba. Wata malamar makaranta 'yar ƙasar, Alda do Espírito Santo, ita ta tsara baitocin. Da Fotugis ta rubuta, amma can harshen nan shi ne na kasuwa da na yawancin gidaje, saboda haka yaro na jin abin da bakinsa ke faɗi.

Namu labarin ya fi wannan kwana-kwana. Taken da aka rera ran 1 ga Oktoba 1960, wata Baturiyar Ingila mazauniyar Nijeriya, Lillian Jean Williams, ta rubuta shi, Frances Benda ta sa masa kiɗa. Tun a lokacin mutane suka yi ta gunaguni, wai ashe duk faɗin ƙasar nan an rasa mawaƙi? A 1978, zamanin Janar Obasanjo, aka ajiye shi, aka harhaɗa sabo daga rubutun 'yan ƙasa biyar, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya yi kiɗansa. Wannan ya shekara 46. Ran 29 ga Mayu 2024 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu aka komo da na farko.

To, gardamar wanne ya fi, mun bar wa 'yan majalisa. Abin da ya dame mu shi ne duka biyun da Turanci suke. Ku tsaya bayan layi da safe a firamaren ƙauyen Sabuwa ku saurara: muryar daidai, kalmomin kuwa sai Allah. Alhali baitin farko yana magana ne kan zama 'yan'uwa duk da bambancin harshe, na uku kuma addu'a ce.

Yaran yankin nan ba da sauƙi suke zuwa makaranta ba. Kowa na tune da ɗalibai fiye da 300 da aka sace a Ƙanƙara cikin Disamba 2020. Wanda ya iso aji a wannan hali ya cancanci ya san abin da ake sa shi rerawa. Malamai, ku rubuta ma'anar kowane baiti da Hausa a allo, baiti guda a mako. Mako uku ya isa.