Bargon jariri: saƙar hannu a Gaweye

Shirinmu na musamman na yau zai ƙetare gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ya sauka Harobanda, a unguwar Gaweye da ke gunduma ta biyar ta birnin Yamai. Abin da ya kai mu can shi ne ɗan bargon da mata ke saƙa wa jariri da hannunsu, su kai wa mai jego ranar barka ko ranar suna.

Yamai garin zafi ne, kowa ya sani. A watan Afrilu awo kan haura digiri 40. Amma mazauna bakin kogin Isa sun san wani Yamai ɗin daban, na Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke saukowa, sanyin asuba ya kai wajen digiri 15. Babba ya ja mayafi ya ci gaba da barcinsa. Jariri kuwa jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna: kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa kaɗan ne, kuma ɗumi na saurin fita ta kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin sabon haihuwa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, in ya yi ƙasa da haka sanyi ya fara kama shi. Shi ya sa iyayenmu mata ba sa raba bargo da hula da safa. Tare ake saƙa su, tare ake kai su.

Ku zo mu matsa kusa da mai aikin. Bayan la'asar ce, an sauke tukunya, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ƙwallon zaren ulu na cikin kwano don kada ya gangara cikin ƙasa. Ta naɗa zaren a manuniyar hannun hagu, kwarashi na hannun dama, ta fara da sarƙa: ta saƙalo zare, ta zaro, ta saƙalo, ta zaro, bakinta na hira, idonta na kan yara, amma lissafi na cikin kanta. In ta ƙetare ido ɗaya, sai bayan layi uku ko huɗu gefen bargon zai karkace ya tona asiri, dole ta warware ta koma baya. Wasu kan saƙa ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, su tara su a jaka, daga baya su haɗe. Aikin makonni ne, ga mai hidimar gida ma ya fi wata.

To nan ne darajar kyautar take. Mai cikin fari, saboda kunya, ba ta cika tanadin kayan jariri a bainar jama'a ba. Uwa ce, ko gwaggo, ko inna, ko aminiya, za ta lura da sauyin tafiyar yarinya, ta yi shiru, ta aika kasuwa a sayo zare. Tun da ba a san mace ce ko namiji ba, sai a zaɓi fari, ko ruwan ɗorawa, ko kore mai haske. Ranar da aka shiga ɗaki ana cewa barka da arziki, Allah ya raya, mai jego ta warware ƙunshin, nan take za ta gane cewa tun kafin ita ta furta, akwai mai ƙirga mata watanni.

Akwai kuma bargon ƙyallaye, wanda ba a cika yabonsa ba. A karɓo guntayen atamfa wajen tela, a jera, a haɗe, a sa tsohon zanen kaka a tsakiya, a bi da allura layi bayan layi. Zanen da ya sha wanki ya fi sabo laushi a fatar jinjiri. Matan Bangaladash da gabashin Indiya ma haka suke yi da tsofaffin mayafansu, suna kiran ɗinkin kantha, kuma jarirai na cikin waɗanda ake yi wa shi.

Ba yau ƙasar nan ta san bargon hannu ba. Zabarmawa na da tera-tera da ake sa wa a kayan aure, Hausawa na da luru da gwado. Wanda ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama, da aka kafa a 1959, zai tarar da masaƙa a bakin aiki, ƙoshiya na kai da komo. Kwarashi baƙo ne a kan waɗannan, amma ya zauna daram a hannun mata, domin ba ya buƙatar rumfa ko jari mai yawa.

Yau Babbar Kasuwar Yamai cike take da bargunan kamfani 'yan waje, cikin jaka mai zik, ga laushi ga sauƙin kuɗi, ga kuma na gwanjo. Ba laifin mai saye ba ne, kowa da ƙarfin aljihunsa. Abin da ke damuna shi ne yadda muke taya aikin hannu. A ba mace aikin wata guda, in ta faɗi kuɗi a ce ai na kasuwa bai kai haka ba, a biya ta abin da da ƙyar ya mayar da kuɗin zare. Da yawa daga waɗannan mata da saƙar nan suke sayen sabulu da littafin yara. Ku biya kuɗin zare daban, ladan hannu daban.

Ku kuma masu saƙa, 'yan uwana, ga abin da ya kamata a kiyaye. Yawancin ulun da ke kasuwa na roba ne, kuma ɗakin mai jego ba ya rabuwa da kaskon garwashi da turaren wuta. Irin wannan zare in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata, don haka a nisanta su. Saƙar ta zama mai ƙananan idanu, saboda ɗan yatsa na iya maƙalewa, zare ya shaƙe shi. A bar tuntaye da duwatsun ado, a ɓoye bakin zare sosai. A wanke bargon kafin a kai, a kuma sa zanen auduga tsakaninsa da jikin jariri. Kada a rufe masa fuska, kuma in rana ta ɗaga a rage lulluɓi, don zafi ma na cutarwa. Bakwaini kuwa, ɗumin ƙirjin uwa, fata da fata, shi ne a gaba, bargo ya zo ta sama ya rufe su biyun.

Wadda ke son kai irin wannan kyauta a hunturu, ta fara tun ƙarshen damina. A nan muka kawo ƙarshen shirin. Masu jego na Gaweye da kewaye, Allah ya ba ku lafiyar shayarwa, ya raya mana jariran.