Yadda ake samun ƙashin tsuntsun Archaeopteryx a wasan Animal Crossing, da kuskuren da na tafka

Tun da abokina ya bar min Nintendo Switch ɗinsa a nan Agege, yaran unguwa ke tambayata me nake tonawa kullum da safe. Wasan sunansa Animal Crossing: New Horizons, ya fito a watan Maris na 2020. Babu faɗa, babu bindiga. Ana ajiye ka a tsibiri, ka gina gida bashi, ka kama kifi, ka yi shuka. Agogonsa kuma da naka yake tafiya. In dare ya yi a Legas, a can ma dare ne.

Cikin ayyukan akwai tono ƙasusuwan halittun da suka ƙare tun zamanin da, waɗanda suka zama dutse. Guda 73 ne gaba ɗaya. Kowace rana wurare huɗu kan tsage a ƙasa, alamar kamar tauraro, sai ka sa shebur ka haƙa. Amma fa abin da ka ciro ba shi da suna. Sai ka kai wa Blathers, wata mujiya mai kula da gidan tarihi, ya duba ya faɗa maka ko na wace dabba ne. Da rana za ka tarar yana gyangyaɗi, ka tashe shi kawai. In ka yi garaje ka sayar kafin ya duba, Bell 100 kacal za a ba ka, Bell shi ne kuɗin wasan. Babanmu da ya ji haka dariya ya yi, ya ce wanda ya sayar da sa bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba, shi ya so.

To, Archaeopteryx daban yake da manyan irin su T. rex, wanda sai ka haɗa kai da gangar jiki da jela kafin ya tsaya. Shi guda ɗaya ne, a kan faifan dutse, ka samu ka gama. Kuɗinsa Bell 1,300, alhali kan T. rex 6,000 ne. Wannan arahar ce ta yaudare ni. Satin farko ya faɗo hannuna, ina fama da bashin gida na Bell 98,000 da Tom Nook ke bi na, na ce wannan ɗan tsurut ɗin me zai yi min, na haɗa da sauran na sayar. Ashe abin da ke fitowa daga rami sa'a ce zalla, babu wurin da za ka je ka ce nan ake samunsa. Sama da wata biyu ina haƙa, kullum wanda nake da shi ke dawowa, gurbinsa a gidan tarihi fayau.

Sai daga baya na san girman abin da na raina. Halitta ce ta gaske, masana sun ce ta rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce. A duwatsun yankin Solnhofen na ƙasar Jamus aka gano ta, aka raɗa mata suna a 1861. Girmanta kamar hankaka, da gashi da fuka-fukai, amma akwai haƙora a baki, da farata a fiffike, da doguwar jela mai ƙashi kamar ta ƙadangare. Shi ya sa masana ke kafa hujja da ita cewa tsuntsaye dangin dainoso ne. Ɗaya tana Landan, wadda ta fi fitowa kyau kuma tana Balin.

Abin da nake yi yanzu: ina zagaye tsibirin duka, har tsallaken kogi da saman tuddai da bayan bishiyoyi, inda tsagar kan ɓoye. In tara huɗun, in kai wa Blathers ya duba su a tashi ɗaya. Shi da kansa zai gaya maka in akwai wanda gidan bai da shi. Wannan ka ba shi, ragowar ka kai shagon Timmy da Tommy. In kana da aboki mai Switch kusa, kuna iya musaya ba tare da data ba. Ta intanet kuwa sai ka biya kuɗin Nintendo Switch Online.

Nawa dai ta musayar na same shi, wurin wani yaro a Mile 12. Sai da na ba shi jelar T. rex.