Yadda Ɗan Mai Kaɗan Ke Ɗaga Mota

A garejojin bakin hanyar Ƙaura Namoda zuwa Zurmi, akan ga yaron bakanike ya ɗaga gaban mota da hannu ɗaya, da ɗan jak mai siffar kwalba. Asirin yana ga man da ke cikinsa.

Masanin nan na Faransa, Blaise Pascal (1623-1662), shi ya bayyana cewa idan aka matsa ruwa ko mai a rufaffen mazubi, matsin yakan bazu daidai ko'ina. A cikin jak akwai fistin biyu, ƙarami da babba. In fuskar babban ta ninka ta ƙaramin sau 20, nauyin kilo 50 zai ɗaga kilo 1,000. Amma fa ba a banza ba: sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 20 kafin motar ta tashi santimita 1. Dalilin yawan buga hannun jak ke nan.

Abin da ke riƙe wannan nauyi duka bawul ne da 'yar roba. Da zarar ƙurar hunturu ta cinye robar, mai zai zurare, mota ta sauko kan wanda ke ƙarƙashinta. Ga kuma rairayin yankin Zurmi, inda gindin jak kan nutse ya karkace.

Don haka gogaggen bakanike kan shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin jak, ya tare tayoyi da duwatsu, ya tokare motar da gungumen itace kafin ya shiga. Bulon siminti kuwa bai dace ba, domin yakan farfashe farat ɗaya.